Gayyar Zamani da Haƙƙin Masu Kula da Zaure



Duk wanda ya tashi a Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi ya san ƙa'idar gayya. Mai gona shi ke kira, samari su yi masa noma ba ko kwabo, amma fura da tuwo wajibi ne a kansa, kuma ran da gayya ta koma gonar ɗayansu, tilas ya saɓi fartanyarsa. Maƙasudin jawabinmu a yau shi ne mu duba wata gayya ta zamani wadda sau da yawa akan manta da wannan ƙa'ida a cikinta, watau aikin sa-kai na masu kula da zaurukan intanet.

Bari mu fara da Reddit, wani dandali na Amurka da aka kafa a 2005. Dubban zauruka ne a cikinsa, ko wane da masu kula da shi, masu share zagi da ƙarya, masu raba faɗa, alhali kuwa ba su da albashi. A 2023 kamfanin ya ɗora kuɗi a kan ƙofar da manhajojin waje ke bi su shiga dandalin. Mai manhajar Apollo ya ce lissafinsa zai kai dala miliyan 20 a shekara. Da yake da irin waɗannan manhajoji ne masu kula da yawa ke aikinsu, ran 12 ga Yuni suka rufe zauruka fiye da 7,000.

To, yaya kamfanin ya yi? Shugabansa, Steve Huffman, ya shaida wa ma'aikatansa cewa ƙurar za ta lafa, ya kuma kwatanta masu kula da zaurukan da masu gadon filaye waɗanda ba wanda ya zaɓe su. Aka yi barazanar tuɓe duk wanda ya ƙi buɗewa, aka kuwa tuɓe waɗansu. Apollo ta rufe ran 30 ga Yuni. A Maris 2024 Reddit ya shiga kasuwar hannun jari ta New York. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Amma ba ko'ina aka ƙare haka ba. A Agusta 2014 Gidauniyar Wikimedia ta ƙirƙiro wani kulle don ta hana editocin Wikipedia ta Jamusanci kashe wata sabuwar hanyar duba hotuna da suka ƙi. Editoci ɗaruruwa suka sa hannu a takardar koke, kuma a Nuwamba 2015 aka soke kullen. Dalili a fili yake: Wikipedia, har da tamu ta Hausa, ba ta da wata dukiya da ta wuce guminsu. In sun ajiye fartanya, gona ta zama saura.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. Wane ne a cikinmu ba ya cikin zauren WhatsApp na garinsu, ko na ajinsu, ko na ofishinsu? Ran da jita-jitar harin 'yan bindiga ta ɓulla a ƙasar Kebbe, mai kula da zaure shi ke hana idonsa barci yana buga waya ƙauye don ya tantance gaskiya kafin hankalin iyaye ya tashi. Lokacin zaɓe kuwa shi ke shan zagi daga ɓangarori biyu. Da kuɗinsa yake sayen data. Duk da haka, shugabannin ƙungiya kan sauya doka ba su shawarce shi ba, in jama'a suka yi ca, su ture shi gaba, su kuwa su laɓe.

Sai dai a maganar Huffman akwai ƙwayar gaskiya guda da ya kamata mu tsinta. Mai kula da zaure da ba a zaɓe shi ba, ba kuma mai iya tuhumarsa, yana iya zama ɗan ƙaramin azzalumi, ya kori mutum don kawai ya soki ɗan takararsa.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyinmu da su rubuta dokokin zaurukansu, kowa ya gani. A zaɓi masu kula, a yanka masu wa'adi. Kada a sauya doka sai an zauna da su, kuma wanda aka kora a ba shi inda zai kai ƙara. Kuɗin data kuwa ya fito daga asusun ƙungiya, domin shi ne furar wannan gayya. Mu yi wannan tun kafin guguwar zaɓe ta sake kaɗawa, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.