Amsoshin Takardunku: Gansakuka Ta Mamaye Tankin Murjani

Takardarmu ta yau ta fito ne daga Jidda, ƙasar Saudiyya. Mai tambaya ya ce maigidansa ya damƙa masa tankin gilashi na kifayen teku da murjani, wanda ya yi wata shida babu mai kula. Gansakuka ta rufe duwatsu, murjani ya soma fari. Shin ya zubar da ruwan duka ne ya zuba sabo?

To malam, kul! Murjani halitta ce mai rai, sauyin ruwa farat ɗaya zai ƙarasa ɗan abin da ya rage. Ita gansakuka, kashin kifi da ragowar abinci ne ke ciyar da ita. Saboda haka rage abincin kifi, ka tsige ta da hannu, sannan kowane mako ka sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan. Gishirin teku ya zama giram 35 a lita guda, zafi kuwa digiri 25. Idan ruwa ya ragu don ƙafewa, ƙara tataccen ruwa marar gishiri, tunda gishiri ba ya tashi da tururi.

In ka ga wata ƙaramar halitta ruwan ƙasa mai yatsu, wato aiftasiya, kada ka yanke ta, guntayen kan tsiro. Maganin kifi mai jan ƙarfe kuma guba ne ga murjani.

Aikin zai ɗauki watanni, sai haƙuri. Allah ya ba da sa'a.