Wanda Ba a Zaɓa Ba



An ɗora mini batun da ya raba aminai, ya jawo wa malami bulala, har ya sa hannu wajen fille kan wani dattijon ƙasa. Batun shi ne koyarwar Kirista cewa Allah ya zaɓi waɗanda zai ceta tun fil’azal, tun ba a halicci duniya ba. Idan Bahaushe ya ce ƙaddara, komai ya shiga ciki, daga arziki da aure har ranar ajali. Abin da malaman Ikilisiya suka yi ta kai ruwa rana a kansa bai kai wannan faɗi ba, amma ya fi zafi. Mutum biyu sun ji wa’azi ɗaya, guda ya ba da gaskiya, guda ya juya baya: daga ina bambancin ya fito? Musulmin da ke zauren nan ba za su ji abin baƙo ba, domin Jabariyya da Ƙadariyya da Mu’utazilawa da Imam Ash’ari duk sun taɓa irinsa. Amma yau a gidan maƙwabta muke, da ma’auninsu za mu yi awo.

Muna cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Kowa na son wannan karin magana, saboda kowa yana ɗaukar kansa shi ne zakaran. Ba a cika tambayar ɗan tsakon da shaho ya sure ba. To a kan ɗan tsakon nan aka yi rigimar. Cewa ceto kyauta ce, kuma Allah ne ke fara neman mutum kafin mutum ya neme shi, manyan ɓangarorin Ikilisiyar Yamma kusan duk sun yarda. Inda ake rabuwa shi ne abin da za a faɗa game da wanda ba a zaɓa ba.

Tushen maganar yana cikin wasiƙun Manzo Bulus, musamman Romawa sura 8 da 9 da Afisawa sura 1. Ya kawo Yakubu da Isuwa, tagwayen da aka fifita ɗayansu tun suna ciki, ba su aikata alheri ko mugunta ba. Ya kawo Fir’auna da taurin zuciyarsa, ya kawo maginin tukwane da ikonsa a kan yumɓu. Sai dai a cikin Littafin nan dai akwai Ezekiyel, inda Allah ya nuna ba ya murna da mutuwar mugu, akwai kuma wasiƙa ta fari zuwa ga Timoti, mai cewa nufinsa kowa ya tsira. Kada kuma mu manta halin da Bulus yake ciki a sura ta 9. Yana baƙin ciki ne saboda danginsa Yahudawa da ba su karɓi Almasihu ba, kuma bai rufe zancen ba sai a sura ta 11, inda ya ƙare da sa zuciya a kansu.

Wanda ya mai da waɗannan ayoyi tsararriyar koyarwa ɗan Afirka ne. An haifi Augustine a shekarar 354 a garin da ake kira Souk Ahras yanzu, a Aljeriya, ya kuma zama bishof na Hippo, wato Annaba ta yau. Abokin karawarsa Pelagius, mutumin Birtaniya, mai gudun duniya ne wanda sakacin Kiristocin Roma ya dame shi. Hujjarsa mai sauƙi ce: Allah ba zai umurce ka da abin da ba ka iyawa ba, saboda haka bar kafa hujja da rauni, tashi ka yi. Augustine kuwa ya san kansa. Ya yi shekaru yana son ya bar sha’awa yana kasawa, don haka bai yarda cewa wasiyya kawai ɗan Adam ke bukata ba. A ganinsa nufin mutum kansa ne ya kamu da ciwo tun daga Adamu. Majalisar Carthage ta 418 ta ba shi gaskiya. Amma bai tsaya nan ba. Ya ce dukan ’yan Adam sun cancanci hukunci, Allah ya tsamo wasu don jinƙai, ya bar sauran don adalci, kuma ba mai ikon yin ƙara. Har jariran da suka mutu ba baftisma bai keɓe ba, ko da yake ya ce hukuncinsu shi ne mafi sauƙi. Bishof Julian na Eclanum ya riƙe shi a nan, bai sake shi ba har Augustine ya rasu.

Tambayar da ta fi burge ni a duk tarihin nan daga bakin talakawan sufaye ta fito. Wajen shekarar 426, a wani gidan sufaye da ke Hadrumetum, wato Sousse ta Tunisiya, wata wasiƙar Augustine ta faɗa hannunsu, gida ya rikice. Wasu suka ce, in dai komai alheri ne, don me shugabanmu zai tsawata mana idan mun yi laifi? Ya yi mana addu’a mana Allah ya ba mu abin da bai ba mu ba. Ku lura, waɗannan ba ’yan iska ba ne masu neman kafar yin zunubi. Mutane ne da suka bar gida da dukiya, suna son su san ko wahalarsu tana da ma’ana. Augustine ya rubuta musu littafi biyu. Amsarsa ita ce tsawatarwar kanta tana cikin hanyoyin da Allah ke bi ya jawo nasa, kuma tunda ba ka san wanda aka zaɓa ba, sai ka so kowa ya tsira, ka yi wa kowa gargaɗi. Amsa ce mai kyau ga mai wa’azi. Ga wanda ke kwance da dare yana tambayar kansa ko yana ciki, ba ta kashe ƙishi.

Kusan shekara ɗari bayan rasuwarsa, a 529, majalisar Orange a kudancin Faransa ta ɗauki rabin farko na koyarwarsa, cewa ko farkon bangaskiya kyautar Allah ce, sannan ta la’anci duk mai cewa Allah ya ƙaddara wa wani aikata mugunta. Game da sauran kuwa ta yi shiru. Wani sufi Bajamushe mai suna Gottschalk ya fasa shirun nan a ƙarni na 9, ya ce ƙaddarar biyu ce, ta rai da ta hallaka. A 849 aka yi masa bulala a Quierzy, aka sa shi ya ƙone rubutunsa da hannunsa, aka tsare shi har ya mutu.

Luther ya kara da Erasmus a kan ’yancin nufin mutum a 1524 da 1525, amma sunan da ya manne wa koyarwar shi ne na John Calvin na Geneva. Mutane suna zaton da ita ya buɗe babban littafinsa. A bugun ƙarshe na 1559 sai can wajen ƙarshen kashi na uku ta fito, bayan ya gama bayanin bangaskiya da addu’a. Masu sauraronsa da yawa ’yan gudun hijira ne daga Faransa, waɗanda ake ƙone ’yan’uwansu saboda addini. Ga irin wannan mutum, jin cewa cetonsa ba a hannun sarki yake ba, ba ma a hannun ƙarfin halinsa ba, ba ƙaramar ta’aziyya ba ce. Duk da haka Calvin bai yi kwana-kwana ba. Ya ce wanda ya zaɓi wasu alhali yana da ikon zaɓen duka, to barin sauran ma hukunci ne da ya yanke, kuma shi da kansa ya amsa cewa abin yana da ban tsoro. Wani likita mai suna Jerome Bolsec ya ce wannan ya mai da Allah mafarin zunubi, aka kore shi daga Geneva a 1551.

A Holan ne abin ya zama rikicin ƙasa. Jacobus Arminius, malami a jami’ar Leiden, ya koyar da cewa Almasihu ya mutu domin kowa, alheri ne ke fara aiki amma mutum na iya ƙin sa, kuma Allah ya zaɓi waɗanda ya riga ya sani za su ba da gaskiya. Ya rasu a 1609, almajiransa suka miƙa wa hukuma takardar koke mai batu biyar a 1610. Siyasa ta shigo: Yarima Maurice mai riƙe da soja ya bi masu tsananin bin Calvin, dattijo Oldenbarnevelt mai riƙe da mulki ya kāre ɗaya ɓangaren. Majalisar Dort ta zauna daga Nuwamba 1618 zuwa Mayu 1619, da wakilai daga Ingila da Jamus da Suwizalan. Ga abin lura: tun kafin a shiga ainihin magana aka yi ta jayayya a kan inda za a fara. Mutanen Arminius suna son a ba su dama su fara da batun waɗanda aka yasar, domin sun san nan ne abokan hamayyarsu ba su da sukuni. Majalisa ta ce a’a, da zaɓe za a fara. Da abin ya ƙi ƙarewa, shugaban zaman ya kore su a watan Janairu, aka yanke hukunci ba sa nan. An tuɓe fastoci kusan 200. Ranar 13 ga Mayu aka fille kan Oldenbarnevelt yana da shekara 71, bisa tuhumar siyasa. Masanin shari’a Hugo Grotius aka ɗaure shi, sai a 1621 matarsa ta fitar da shi cikin akwatin littattafai.

Amma ku karanta abin da Dort ɗin ta rubuta. Ta ce iyaye masu bi kada su yi shakkar ceton ’ya’yansu da suka mutu suna jarirai. Ta kuma ƙi yarda a ce yasarwa ce ke haddasa rashin bangaskiya kamar yadda zaɓe ke haifar da bangaskiya. Wato ko waɗanda suka yi nasara, da suka zo kan rabi na biyu sai suka sassauta murya. Katolika ma sun yi tasu rigimar tsakanin ’yan Dominikan da ’yan Jesuit, har Paparoma Paul na Biyar ya rufe zaman a 1607 ba tare da ya ba kowa gaskiya ba, ya hana su kiran juna ’yan bidi’a. Sharaɗi na 17 cikin sharuɗɗa 39 na Anglikan ya yi dogon bayani a kan zaɓe zuwa rai, bai ce uffan a kan ƙaddarar hallaka ba.

Ana yawan cewa wannan koyarwa tana kashe himma. Tarihi bai goyi bayan haka ba. George Whitefield, mai riƙe da ita, wanda ya ɓata da amininsa John Wesley a kanta wajen 1740, ya yi ta ƙetare teku yana wa’azi har ya mutu a Amurka, kuma Wesley ne ya yi wa’azin tunawa da shi a Landan a 1770. William Carey, da ya tafi Indiya a 1793, shi ma mai riƙe da wannan koyarwa ne. Ɓarnar tana wani wuri. Mawaƙin Ingila William Cowper, wanda ya rubuta waƙoƙin sujada da ake rerawa har yau, ya kamu da ciwon damuwa, ya tabbatar wa kansa cewa Allah ya yashe shi, ya rayu a haka daga 1773 har mutuwarsa a 1800. Ba koyarwar ce ta sa masa ciwon ba, amma ita ta ba ciwon abin faɗa.

Ra’ayina shi ne babu ɓangaren da ya kuɓuta. Calvin ya fi kowa bin hujja har ƙarshenta, na kuwa girmama shi a kan haka, amma ƙarshen nan ya wuce inda Bulus ya tsaya. Mabiyin Arminius ma bai tsira ba, domin za a tambaye shi: Allah ya san wane zai ƙi, me ya sa ya halicce shi? Tambayar ta matsa gaba kaɗan ne kawai. Karl Barth ya gwada wata hanya a 1942, ya ce a Almasihu za a duba abin duka: shi ne zaɓaɓɓen, shi ne kuma ya ɗauki yasarwar a madadin mutane. Nan da nan aka ce masa, ashe kenan kowa zai tsira? Ya ƙi cewa i, ya ƙi cewa a’a.

Maganar ta iso ƙasar nan ta ƙofa biyu. Masu mishan na cocin Dutch Reformed daga Afirka ta Kudu sun fara aiki cikin Tibi a 1911, inda cocin NKST ya samo asali. Johanna Veenstra daga Amurka ta iso a 1920, ta zauna a Lupwe kusa da Takum, aikin da ya zama cocin CRCN. Dukansu magada Dort ne. Shugaban farko na Kwalejin Tauhidi ta TCNN da ke Bukuru, wadda aka buɗe a 1959, shi ne Harry Boer, ɗan wannan gida. Bayan ya daɗe yana koyar da ɗaliban Lutheran da Methodist da EYN da COCIN a aji ɗaya, a 1977 ya kai ƙara gaban majalisar cocinsa a Amurka. Bai taɓa batun zaɓe ba. Abin da ya nema shi ne a nuna masa daga Littafi inda aka koyar da yasarwa tun fil’azal, domin ya bi ayoyin da Dort ta kafa hujja da su ɗaya bayan ɗaya bai ga sun faɗi haka ba. A ganina ba abin mamaki ba ne tambayar ta fito daga mai horar da masu bishara, domin shi ne ɗalibi zai tare ya ce, Malam, in na tsaya gaban mutum a kasuwa, zan iya ce masa Almasihu ya mutu dominka, ko kuwa sai na yi ta-ka-tsantsan?

Majalisar ta ba da amsa a 1980. Ba ta karɓi ƙarar ba. Ta ce Littafi ya koyar da cewa wasu aka zaɓa, ba duka ba, amma Dort ba ta taɓa nufin Allah ya jefa wani cikin hallaka ba tare da laifinsa ba. Boer bai gamsu ba. Yana ganin an sauya wa koyarwar ma’ana ne aka bar kalmominta yadda suke, ya kuma fitar da littafi a 1983 ya faɗi haka. Bai bar cocin ba, cocin ma bai kore shi ba.