HASKEN RUHANIYA: ANA SAMUNSA KUWA?
Jawabin Babban Baƙo a Bikin Cikar Ikkilisiya Shekara 50



Kwamitin biki ya ba ni tambaya mai nauyi: ko mutum yana iya kaiwa ga wayewar ruhaniya tun yana cikin wannan jiki? Amsata ita ce i, ana samu. Amma ku bari in bi ta kan idon mahaifiyata tukuna.

Shekarun baya yana ta rufe mata ido biyu. Muka ɗauke ta a mota daga Gaya, muka ƙetare gadar Wudil, har Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1943. Aka yi mata aiki, aka ɗaure idon. Ranar da aka kwance, na tsaya gabanta ina jira ta kira sunana. Sai ta ce tana ganin wani abu dogo yana motsi. Ni ne abin nan dogo! Sai bayan kwanaki, da aka ba ta tabarau mai kauri, ta dube ni ta ce, ashe ka yi furfura.

Ku buɗe Markus sura 8, aya 22 zuwa 25 in kun koma gida. A Betsaida aka kawo wa Yesu makaho. Da ya taɓa shi da fari, mutumin ya ga mutane, amma sun yi masa kama da itatuwa masu yawo. Sai da ya sāke taɓa shi ya gani sarai. Makahon bai buɗe wa kansa ido ba, kawo shi aka yi, taɓa shi aka yi. Bulus ma, wanda haske ya kā da shi a hanyar Dimashƙu, ya shaida wa Filibiyawa a sura 3 cewa bai kai ba tukuna, yana kan bi.

Shi ya sa nake jin tsoro in na ji matashi ya dawo daga azumin kwana bakwai a kan dutse yana cewa ya gama gani, ba ya bukatar ajin Littafi, ba ya bukatar dattawa. Ɗana, azumi yana da kyau. Amma in ka sauko kana duban tsohon da ya yi maka baftisma kamar kututture, taɓawar fari kawai ka samu.

Iyayen da suka kafa wannan ikkilisiya ba su yi zurfin boko ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, da yatsa suka bi shi baƙi baƙi, a hasken aci-balbal. Sun bar tsafi da bori, danginsu suka juya musu baya. Duk da haka ran da ɗan'uwan da ya kore su ya kwanta ciwo, su ne suka kai masa fura, suka yi masa noma. Maƙwabtansu Musulmi kuma, suna da jana'iza ba su wuce su. Wannan ne ganin da nake nufi: mutum ya daina zama maka itace, ka san fuskarsa, ka san yunwarsa.

Mata, ku ne kuka fi mu sanin gidajen da ba a hura wuta a watan Agusta, kafin gero ya nuna. Ina roƙon Dattawa su karɓi sunayen nan daga hannunku kafin a raba tsabar da aka tara ta godiya, kada kuma a tambayi inda mai gidan yake sujada.

Ubangiji ya kai kowa gida lafiya. Amin.