Injin jirgin ruwa a bisa hanya: a tallabe shi kada ya karye

Jawabin da wakilin yaƙi da jahilci ya yi a cibiyar karatun manya ta Tenhiya



Yau zan yi muku zancen jirgin ruwa. Na ga wasu suna dariya. Kuna da gaskiya, nan Damargu jirginmu raƙumi ne. Amma ku yi mini haƙuri kaɗan. A cikin ƴaƴanmu masu zuwa cin rani akwai masu aiki da masunta. Wasu sun haɗa kuɗi sun sayi inji. In injin ya lalace, gida ne ya yi hasara.

Dattawa sun san da can ruwan tabkin Cadi yana bakin garin Ngigmi. Bayan farin 1973 da na 1984, ruwa ya ja da baya ƙwarai. Sai ya zama jirgi ma yana hawa mota kafin ya iske ruwa. To a nan matsala take.

Injin jirgi ana rataye shi ne a katakon baya. Kansa yana sama, ƙafarsa mai farfela tana ƙasa. Mai ƙarfin doki 15 ya kusa kilo 40. Mai ƙarfin doki 40 ya wuce kilo 70. A cikin ruwa ba komai, ruwa yana da taushi. A bisa hanya mai gargada kuwa, kowane rami duka ne.

In za a yi tafiya, mutane sukan ɗaga ƙafar injin sama don kada ta taɓa ƙasa. Sai su bar ta tana lilo. Ku ɗauki guga cike da ruwa, ku miƙe hannu, ku yi gudu. Ina zai yi ciwo? Kafaɗa. Haka katakon baya yake ji. Yau ya tsage kaɗan, gobe ya ƙara. Ran da aka shiga tsakiyar ruwa da mutane, sai ya buɗe.

Na taɓa ganin haka da idona. An sauke jirgi daga mota, sai aka tarar katakon ya rabe, kusoshi sun yi sako-sako. Masu shi samari ne guda uku, da bashi suka saye. Sati biyu suka yi ba su shiga ruwa ba, ga mai bashi yana jira.

Ga abin da ya kamata a yi.

Na ɗaya. In injin ƙarami ne, a cire shi daga jirgi. A kwantar da shi bisa tsohuwar taya ko buhunan ƙaiƙayi. Kai ya fi farfela tudu, don kada sauran ruwan da ke ƙafar ya gangara cikin injin. In mai shan baƙin mai daban ne, yana da gefen da ake kwantar da shi. An nuna gefen a takardarsa. Ga amfanin karatu ke nan.

Na biyu. In babba ne, ba ya ciruwa, a duba tsakaninsa da ƙasa. In akwai rata sosai, a bar shi tsaye yadda yake aiki. In babu, a ɗaga ƙafar, a sa mata gwafa. Gindin gwafar ya zauna bisa ƙarfen tirela ko dandamalin mota. A naɗa roba a bakin gwafar. Ɗan ƙarfen nan da ke riƙe inji in an ɗaga shi a bakin ruwa, ba don tafiyar mota aka yi shi ba.

Na uku. A ɗaure ƙafar da gwafar. A ɗaure jirgin kansa gaba da baya. In jirgi yana tsalle, gwafa ba ta da amfani. A ɗaure injin kada ya riƙa juyawa dama da hagu.

Na huɗu. A cire tiyon fetur, a rufe tanki da kyau. Kada a sha taba kusa.

Na biyar. In an ɗan taɓa tafiya, a tsaya a duba igiya. Igiya tana saki, kamar ta kayan jaki.

Yanzu mu dawo gida. Injin ban ruwa, da injin niƙa, da janareto, duk hukuncinsu ɗaya ne. In kun ɗauko daga Tanut ko Damagaram, a mota ko a amalanke, ku yi masa shimfiɗa. Ku zaunar da shi daidai, ku ɗaure ta kusurwa huɗu. Ba wanda yake aza wa jaki kaya ba akumari. Inji ma yana son nasa.

Wanda ya iya rubutu, ya rubuta wa ɗansa da ke bakin ruwa abubuwan nan biyar. Gwafa da igiya ba su da tsada. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya tsare mana dukiya, ya dawo da matafiyanmu lafiya.