Amana Tsakanin Asibiti da Hukuma da Zawiya: Abin da Shan Inna da Mashaƙo Suka Nuna Mana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da magani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da masu bin tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Bayan haka, an umarce ni da in yi jawabi a kan yadda ma'aikatan lafiya da hukuma da jama'ar gari za su haɗa hannu wajen kare lafiyar al'umma. Na zaɓi in ɗauko labari guda wanda ya faru a gaban idon mafi yawanmu, wato labarin cutar shan inna.

A shekarar 2003 ne aka dakatar da rigakafin wannan cuta a wasu jihohin Arewa, saboda raɗe-raɗin cewa an sa wa maganin abin da ke hana haihuwa. Jihar Kano ce ta fi daɗewa, don sai a watan Yulin 2004 aka ci gaba, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma samo maganin daga ƙasar Indonesiya. Zargin bai tabbata ba. Amma zai zama rashin adalci a ce jahilci ne kawai ya sa mutanenmu suka karɓe shi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, a cikin gwajin da ya shafi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma tambayar da magidanta suka riƙa yi, wadda ban ga aibinta ba: me ya sa ake bin mu gida gida da ɗigo kyauta, alhali idan zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro sai mun sayi magani da kuɗinmu?

To, amma wa ya biya kuɗin wannan saɓani? Yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A 2006 an ƙirga yara 1,122 da cutar ta kama a Nijeriya. Ƙwayarta ta tsallaka maƙwabta, ta kai Sudan da Yaman, har Indonesiyar da aka samo maganin. Daga bisani ma hukumomin Saudiyya suka shar'anta wa maniyyatanmu shan ɗigon kafin shiga ƙasa mai tsarki, dattijo mai furfura ya buɗe baki a ɗiga masa abin da ya hana jikansa.

Duk tsawon wannan lokaci maganin yana nan, kuɗin ma suna nan. Abin da ya ɓace shi ne amana, kuma ba a dawo da ita da 'yan sanda ba. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, sai aikin ya gangaro daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Aka ga sarakuna suna ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a. Aka ɗauko mata 'yan unguwa, waɗanda aka san iyayensu da mazajensu, su ne ke shiga gidaje suna bayani. Bayin Allah da cutar ta riga ta naƙasa suka shiga tawaga da kekunansu, kuma ba a cika yi musu musu ba. Hukuma ita ma ta saurari waccan tambaya ta magidanta, ta riƙa kafa sansanin duba marasa lafiya tare da rigakafin, ana ba da maganin zazzaɓi da na gudawa. Ba a samu wannan da arha ba: a watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, Allah Ya jiƙansu da rahama.

A 2012 Nijeriya na da yara 122 daga cikin 223 da cutar ta kama a duniya baki ɗaya. Na ƙarshe a Jihar Kano an same shi a Sumaila a watan Yulin 2014, na ƙarshe a ƙasar kuma a Borno a 2016. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar cewa asalin ƙwayar shan inna ta ƙare a nahiyar Afirka, alhamdu lillahi. Wani zai ce, in ta ƙare, me ya sa ake ci gaba da zagayawa? Amsar ita ce, ƙwayar da aka raunana aka sa a cikin ɗigon, idan ta daɗe tana yawo a tsakanin yaran da ba a yi wa rigakafi ba, tana iya sake yin ƙarfi ta shanye ƙafa, kuma ko a 2024 an samu irin wannan a jihohinmu. Gara a faɗa wa mutane haka ɓaro-ɓaro da su tsinto shi a bakin mai mugun nufi.

Ya ku 'yan'uwa, ba a gama murna ba sai ga mashaƙo. Daga ƙarshen 2022 wannan cuta mai toshe maƙogwaro ta ɓarke, Kano ce kuma ta fi kowace jiha yawan masu ita, akasarinsu yara ne da ba a yi musu allura ba ko ba a ƙarasa musu ba. Abin takaicin shi ne, rigakafinta tsoho ne, kyauta ne, yana cikin allurar da ake yi wa jariri sau uku: a mako na 6, da na 10, da na 14. Ita kuwa allura ba kasafai take bin mutum gida ba, sai uwa ta ɗauki goyonta ta kai shi asibiti, kuma a gidajenmu ba ta fita sai da iznin maigida. Ke nan makullin yana hannun mazan da ke zaune a wannan wuri.

Kada wani ya ɗauka cewa neman kariya ya saɓa wa tawakkali. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, yana kan hanyar Sham ya sami labarin annoba, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa zuwa Madina. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki da zurfinsa a tasawwufi, ya zauna ya yi wallafa a kan magunguna, har da na ciwon ido da na basur.

Muna da abin da babu ma'aikatar da ke da shi. Muƙaddami yana ganin almajiransa a halƙar zikiri, ya san wanda aka yi wa haihuwa tun kafin ranar suna, galibi ma shi ne zai yi addu'ar raɗin sunan. Babu abin da zai rage masa idan bayan ya shafa fatiha ya tambayi uban jariri ko an karɓo katin rigakafi, ya sake tambaya idan an yi arba'in, domin kwana 42 ne mako 6. Haka malamanmu mata a makarantun matan aure, da wanzamai da ungozomomin da ke cikinmu. Sannan a tsarin kiwon lafiya na ƙasa, kowace mazaɓa ana so ta kasance da kwamitin ci gaba mai sa ido a kan ƙaramin asibitinta. Ya kamata kowace zawiya ta bincika ko na mazaɓarta yana zama, ta tura mutum mai gaskiya wanda ya iya karanta takarda.

Ga hukuma da ma'aikatan lafiya kuma, muna da magana, cikin ladabi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Jama'a na da haƙƙin sanin nawa ya iso asibitin mazaɓarsu da abin da aka yi da shi. Idan malami ya sa baki mace ta taka tun daga ƙauye, ta tarar da ƙofa a kulle, ko aka ce allura ta ƙare, ko aka daka mata tsawa don ta manta kati, to mutuncin malamin aka taɓa, gobe kuma ba zai iya sake tura ta ba. A kuma daina neman malamai sai gobara ta tashi. A zauna da su tun lokacin tsara aiki, a gaya musu cewa allurar kan sa ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu da kumburi a cinya, don su sanar da iyaye tun kafin abin ya faru.

Muna roƙon muƙaddamai, kowa idan ya koma gida ya ziyarci shugaban asibitin da ya fi kusa da zawiyarsa, ya karɓo ranakun allurar yara da na awon ciki, a riƙa sanar da su bayan zikirin Juma'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.