Yarjejeniya da Yajin Aiki a Jami'o'in Nijeriya



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne sha'anin shawarwari tsakanin Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, watau ASUU, da Gwamnatin Tarayya, da kuma dalilin da ya sa duk sa'ad da aka ce an zauna shawara, sai ɗalibi ya soma ɗaure kayansa don tsoron yajin aiki.

Bari mu soma da tarihi. An kafa ASUU cikin 1978. Gwamnatin soja ta Janar Babangida ta haramta ta cikin 1988, ta kuma sāke haramta ta cikin 1992, amma duk da haka da ita aka zauna aka ƙulla yarjejeniyar Satumba 1992, lokacin Attahiru Jega yana shugabanta. Daga wannan yarjejeniya ce aka sami dokar 1993 wadda ta ɗora wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin 100 na ribarsu domin ilmi, asusun da ya zama TETFund cikin 2011. Dakunan karatu da yawa da kuke zama a ciki daga nan suka fito. Ke nan shawara takan haifi ɗa mai ido.

To, ina gizo yake saƙa? Mu dubi yarjejeniyar 2009. Ta ƙunshi albashi da alawus, da kuɗin gyaran jami'o'i, da 'yancin jami'a ta gudanar da al'amuranta, aka kuma amince za a riƙa sāke duba ta duk bayan shekara uku. Rashin cika ta ya jawo yajin 2013, daga Yuli zuwa Disamba, inda gwamnati ta yi alkawarin Naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida. Cikin 2020 aka yi wata tara ana jayayya, musamman a kan tsarin biyan albashi na IPPIS. Cikin 2022 kuwa an rufe azuzuwa daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, har sai da Kotun Ma'aikata ta ba da umurnin a koma, gwamnati kuma ta riƙe albashi bisa ƙa'idar ba aiki ba biya. A tsakanin 2017 da 2024 an naɗa kwamiti huɗu don sāke duba wannan takarda guda: na Wale Babalakin, da na Munzali Jibril, da na Nimi Briggs, da na Yayale Ahmed.

Ma'aikatan gwamnati da ke nan sun fi ni sanin sirrin. Wanda ya sa hannu a yarjejeniya ba shi ne mai sakin kuɗi ba. Muddin alkawari bai shiga kasafin kuɗi ba, Majalisa ba ta amince da shi ba, Ma'aikatar Kuɗi ba ta sake shi ba, to, takarda ce kurum. Su kuma malamai, da suka lura ba a sauraronsu sai sun ajiye alli, sai yaji ya zame musu makamin farko maimakon na ƙarshe.

Wa ke biyan wannan bashi? Ɗalibi. Malami yakan sa ran albashinsa ko da a makare, amma wata takwas na ƙuruciya ba mai mayar da su. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama digiri ya fita daga sahun masu hidimar ƙasa, ga kuɗin haya da iyaye suka biya a banza.

Saboda haka shawarata uku ce. Kada wakilin gwamnati ya sa hannu sai Ma'aikatar Kuɗi tana wurin. A rubuta kowane alkawari da ranarsa da adadinsa cikin kasafi. A kuma soma sāke shawara tun wa'adi bai cika ba. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Wanda ya san ba zai iya ɗauka ba, kada ya ce a aza masa.