Tsara Aikin 'Yan Sa Kai don Nazarin Madatsun Ruwa da Wayar da Kan Jama'a a Gwarzo da Kabo

Mafi yawan ruwan saman da ke sauka a ƙasar Gwarzo da Kabo ba ya isa teku, domin rafukan yankin suna gangarawa ne zuwa kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗejia, shi kuma ya ratsa fadamun Haɗejia da Nguru, ya gamu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe, sannan abin da ya rage ya zuba a Tafkin Chadi, wanda ba shi da mafita zuwa teku. Saboda haka duk abin da aka saki cikin ruwa a nan, laka ce ko maganin feshi, a gida yake tsayawa, kuma manomi da masunci na Jigawa da Yobe su ne ke gadonsa. Wannan ne ya sa abin da masu kiyaye teku suka koya game da aiki da 'yan sa kai ya shafi mutanen yammacin Kano, duk da nisansu da gaɓar teku.

Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka duƙufa ga tare ruwa, farin da aka yi a 1972 da 1973 kuma ya ƙara nuna buƙatar hakan. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa da ke Ƙaraye kuma a 1992, sannan akwai ƙanana irin su Guzuguzu da Magaga a Kabo da Pada a Gwarzo, waɗanda noman rani da su da shayar da dabbobi suka dogara da su. Madatsa tana tsufa a hankali: ƙasar da zaizaya ta kwaso daga gonaki tana kwanciya a gindinta har zurfinta ya ragu, takin zamani da ya gangaro yana haɓaka ciyawa da gansakuka, kifi kuma yana ƙanƙancewa idan aka riƙa kama shi kafin ya yi ƙwai. Babu hukuma ko jami'ar da ke da ma'aikatan da za su tsaya bakin kowane ruwa kowane mako, alhali irin wannan sauyi ba ya bayyana sai ga wanda ya daɗe yana awo.

A wannan gurbi ne 'yan sa kai ke shiga, wato mutanen da ba bincike ne sana'arsu ba, amma aka koya musu hanya ɗaya ta lura da rubutawa. Ƙungiyar Reef Check, wadda aka kafa a 1996, tana horar da masu nutso su ƙidaya wasu zaɓaɓɓun kifaye da halittun murjani a tekunan ƙasashe da dama. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda ta fara a 1967, ana yin ta kowane watan Janairu, kuma takan haɗa da fadamun Haɗejia da Nguru. A jihar Minisota ta Amurka mazauna bakin tafkuna suna auna yadda ruwa yake garau tun 1973. Abin da ya ba waɗannan ayyuka daraja a wajen masana shi ne cewa kowa yana awo da kayan aiki iri ɗaya, a wuri ɗaya, a lokacin da aka ƙayyade, shekara bayan shekara. Wannan kuwa nauyi ne da ke wuyan mai tsara aikin.

Awon da ya fi sauƙi shi ne na faifan Secchi, wanda aka sa wa sunan masanin Italiya Angelo Secchi da ya yi amfani da shi a teku a 1865. Na ruwan daɗi faifai ne mai faɗin santimita 20, an raba fuskarsa gida huɗu, biyu fari biyu baƙi, an rataya masa nauyi a ƙasa, an ɗaure shi da igiyar da aka yi wa alamun tsawo. Mai awo yakan shiga kwalekwale da hantsi ko tsakar rana, ya juya wa rana baya don kada ƙyallin ruwa ya ruɗe shi, ya sassauta igiya har faifan ya ɓace masa, ya rubuta zurfin, sannan ya ɗago a hankali har ya sake ganinsa, ya rubuta, a ɗauki tsakiyar awon biyu. Maƙerin kasuwar Gwarzo zai iya yanka irinsa daga falange. Awo ɗaya ba ya faɗin komai, amma idan aka jera na shekara uku, za a ga watan da laka ke shigowa, a gane rafin da ke kawo ta, a san inda ya kamata a fara dasa itatuwa da ciyawa a gefen ruwa.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce su wa za a ɗauka. An saba tunanin ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima, kuma suna da amfani wajen rubutu da lissafi, sai dai zamansu gajere ne, da sun gama sai littafin da ake rubuta awon a ciki ya tsaya. Wanda ke bakin ruwa kullum shi ne masunci, kuma ya riga ya san inda tarwaɗa ke kwanciya, da lokacin da karfasa ke ƙwai, da shekarar da kurungu ya fara wuyar samu. Haka nan matan da ke suyar kifi da banda sun fi kowa lura da raguwar girmansa, tunda kowane kifi ta hannunsu yake bi. Hanya mafi inganci ita ce a haɗa masunci da ɗalibi, ɗaya ya faɗi sunan kifi da irin kayan da aka kama shi da su, birgi ne ko kalli ko mamari, ɗaya ya ɗora shi kan katakon awo ya rubuta tsawonsa. Ba a fara wannan sai an bi ta hannun dagaci da sarkin ruwa, kuma an bayyana a fili cewa littafin ba na haraji ba ne. Masuncin da ya yi zargin za a yanka masa kuɗi da abin da ya faɗa zai ɓoye rabin kamunsa, kuma yana da hujja.

Bahaushe ya san aikin gayya, amma gayya ta yini ɗaya ce, wannan kuwa aiki ne na kowane mako har da damina, lokacin da kowa ke gona, wanda kuma shi ne lokacin da awo ya fi muhimmanci. Don haka mai tsarawa zai sa mutum biyu a kowane wuri domin ɗaya ya tsaya wa ɗaya, ya biya kuɗin mota da na katin waya a kan kari, tunda ɗan sa kai bai nemi albashi ba amma bai kamata ya yi hasara ba, sannan ya riƙa zuwa da kansa yana awo tare da su don a gyara kuskure tun yana ƙarami. Rigar ceto wajibi ce ga duk mai shiga kwalekwale. Hatsarin jirgin ruwa da ya auku a madatsar Watari ta Bagwai a Nuwamban 2021, inda mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, ya isa dalili.

Wayar da kai kuwa tana farawa ne daga mayar wa jama'a abin da aka samo. Bai dace a kwashe bayanai zuwa Jami'ar Bayero ko cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa ba tare da an dawo an karanta wa masu ruwan sakamakon da Hausa, a ƙofar dagaci ko bayan sallar Juma'a ba. Masuncin da ya ga a littafin da shi ya taimaka aka cika cewa tsawon karfasa yana raguwa, ba ya buƙatar doguwar nasiha game da su da gidan sauro ko zuba guba a ruwa; shi da 'yan'uwansa za su nemi sarkin ruwa ya ƙayyade girman idon raga da watannin hutu.

Haka abin yake ga tsargiya, cutar da ke sa yara fitsarin jini. Tsutsarta tana girma ne a cikin ƙananan katantanwa da ke maƙale da ciyawar bakin ruwa, ta fito ta huda fatar mai wanka ko wanki, ƙwanta kuma ya koma ruwa ta fitsarin mai cutar. 'Yan sa kai sanye da takalman roba da safar hannu za su iya gano mashigan da katantanwar ta yi yawa, su kai wa malaman firamare da na Islamiyya da ma'aikatan asibitin yankin, domin a nuna wa yara wuraren da za su guje wa, a kuma san ƙauyukan da za a fara kai wa maganin Praziquantel. Yara kansu ba a sa su wannan aikin, rabonsu shi ne kallo daga tudu da riƙe littafi.